Shekarar da Na Bayar da Rabi

Ku ukun nan da na haifa, kowannenku ya taso da nasa labarin shekarar da babanku ya rasu, kuma babu wanda ya ji shi daga bakina. Wasu sun gaya muku iska ce ta taɓa ni. Wasu sun ce hauka na yi na 'yan watanni sannan Allah ya sauwaƙe. Yanzu da gwiwa ta hana ni zuwa ko'ina, ido kuma bai gama tafiya ba, na ga gara in zauna in rubuta abin da ya faru da hannuna, da bokon da na koya a ajin manya bayan na fara furfura. In rubutun ya karkace ku yi haƙuri da shi.

A wani ɗan ƙauye muke tsakanin Kiru da Dangora. Ni 'yar Bebeji ce, aure ne ya kai ni can. Gida ɗaya muke da wan babanku, Baffa Garba, shi da matarsa Hansai da 'ya'yansu shida a sashen gabas, mu a na yamma, gandu ɗaya ake nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba. Babanku mutum ne mai surutu. Tun daga zaure ake jin muryarsa in ya dawo daga gona, kuma ba ya iya cin tuwo sai ya ba ni labarin duk abin da ya gani, har gardamar da jakinsa ya yi masa a hanya. Nakan ce masa ya bari in ji da kunnena, shi kuwa sai ya ƙara. Ban san wannan surutun ne yake riƙe da sashenmu ba sai da ya ɗauke.

Shekara shida ko bakwai kafin a ba da mulkin kai, da bazara, sanƙarau ya shigo ƙasarmu. Ranar Talata babanku ya dawo daga kasuwa yana cewa kansa na sara. Laraba wuyansa ya ƙi juyawa. Juma'a kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ya bar ni da ɗan farina, wanda har yau bakina bai saba da kiran sunansa ba, yana da shekara bakwai, da Rabi mai shekara huɗu, da cikin wata huɗu. Takabata sai da na haihu ta ƙare, lokacin ana cin tumu. Aka sa wa yaron suna, amma kowa Audi yake ce masa, tunda bai tarar da ubansa ba. Duk tsawon takabar nan ban yi wani kukan kirki ba. Mata suna shigowa gaisuwa suna fita suna yabon haƙurina, ni ma har na yarda haƙurin ne.

Sai da na gama wankan jego, aka sauke tukunyar ruwan zafi, masu zuwa barka suka ɗauke ƙafa, sannan abin ya sauko mini. Bai zo da hayaniya ba. Da fari tuwo ne ya daina yi mini ɗanɗano, ko miyar kuka ko ta kuɓewa, duk kamar ƙasa nake taunawa. Daga nan sai gari ya waye in ji kamar an kifa mini turmi a ƙirji. In kwanta ina kallon jinka, ina tuna abin da ke jirana, shara da ɗebo ruwa da wankin tsumman jariri, in ga kowanne ya fi ƙarfina, alhali ni ce da nake daka dame guda kafin rana ta take. Kitsona ya yi wata uku ban tsefe shi ba. Salla ma, Allah ya yafe mini, sai in yi alwala in zauna a kan tabarma har lokaci ya fita ban tayar ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Audi. Zai yi kuka in ji shi sarai, in ɗauke shi in ba shi nono, amma cikin zuciyata wayam, kamar ɗan wata aka ba ni in riƙe mata ta je ta dawo. Yanzu na ji likitoci suna da suna ga wannan, suna ce masa ciwon damuwa, har da magani. A lokacinmu ba shi da suna. In ba zazzaɓi kake yi ba, ba ka kuma karye ba, to ko dai lalaci ne ko iska.

Hansai ta yi iya ƙoƙarinta, kada wani ya ce muku ba ta yi ba. Takan leƙo da kwanon abinci ta tsaya a bakin ƙofa.

"Asabe, ki tashi mana. Ba a kanki aka fara mutuwar miji ba. Dubi yaran nan."

Ni kuwa kallon yaran shi ne yake ƙara danne ni, don ina ganin abin da ya kamata in yi musu, ina kuma ganin na kasa. Baffanku ya karɓo mini rubutu wajen liman na sha, aka yi mini turare, wata tsohuwa ta ce a kira masu bori, shi ya ce ba a gidansa ba. Ni dai duk abin da aka miƙo mini sai in karɓa in haɗiye, in koma in kwanta.

Ana cikin sanyi, wata rana da hantsi, Hansai ta yi mini faɗa sosai har na daure na fito na ɗora kunun tsamiya. Na zauna a gindin bango kusa da murhu. Rabi, ke ce kika zo kika tsaya a gabana da ɗan ludayinki. Sau uku kika tambaye ni.

"Inna, ya dahu?"

Ban amsa miki ba. Kika juya kika nufi tukunyar. Tsakanina da ke bai fi taku uku ba. Na ga lokacin da kika yi ɗage kika miƙa hannu, na san abin da zai biyo baya, zuciyata ta ce in tashi, jikina bai tashi ba. Tukunyar ta kife miki a hannun hagu tun daga gwiwar hannu har wuyansa. Hansai ce ta rugo daga sashensu ta sure ki, ita ta aika aka kira wanzami ya sa miki magani. Kina ihu kina kiran Inna, Innar tana zaune tana kallo. Wannan tabon da kike rufewa da gyale har kika tsufa, ga yadda aka yi kika same shi. An gaya miki wasa kike yi kika ture tukunya. Yunwa kike ji, uwarki kuma ba ta tashi ba.

Bayan kwana goma Baffanku ya tara mu a tsakar gida bayan la'asar. Ƙanwarsu, Gwaggo Mairo, ta zo daga Tudun Wada duba hannun Rabi, ita ma tana zaune. Shekararta tara da aure a lokacin, Allah bai ba ta haihuwa ba. Baffanku yana murza carbi ya fara magana.

"Asabe, Allah ya sani ba ƙinki nake yi ba. Amma abin nan ya fi ƙarfin gidan nan. Hansai ba za ta iya da nata shida, da naki, da ke kanki ba. Zan aika wa wanki a Bebeji ya zo ya tafi da ke ki huta. Manyan biyu su zauna a nan gidan ubansu. Jaririn ki tafi da shi, in kin yaye shi a dawo mana da shi."

Na fi wata ban haɗa magana mai tsawo ba. Amma da na ji wannan, wani abu ya motsa a cikina. Na san in na taka hanyar Bebeji shi ke nan. Za a yaye Audi a karɓe shi, a nemo mini wani mijin a wani garin, in zama baƙuwa mai zuwa ganin 'ya'yanta da salla. Na buɗe baki na ce wa Baffanku:

"Yaya, ina da magana."

Duk suka juyo.

"Kada a mayar da ni. A bar ni a ɗakina. Babban ai kullum yana cikin 'yan'uwansa, ƙaramin yana bayana. Rabi ce ke bukatar ido a kanta, ni kuwa yanzu ba ni da shi. A ba Mairo ita ta riƙe shekara guda. Nauyi ya ragu a kan Yaya Hansai. In kaka ta zagayo ban tashi ba, ni da kaina zan ɗaure kayana."

Baffanku ya girgiza kai.

"Ban so a fitar da marainiya daga gidan ubanta ba. Me zan ce wa ɗan'uwana gobe ƙiyama?"

"Ka ce masa ni na roƙa."

Da aka fara kiran magariba ya ce to, Allah ya sa haka ne alheri. Rabi, na san kin yi shekaru kina riƙe da Baffanki a zuciya, kina cewa shi ya raba ki da uwarki. Har ya mutu gaisuwarku ba ta wuce ta dole ba. Bai raba mu ba. Shi so ya yi ki zauna. Ni na bayar da ke, da bakina, don in samu in zauna da sauran biyun, don kuma na daina yarda da kaina a kanki. Ranar da za ku tafi, mijin Mairo ya ɗora ki a kan jaki, hannunki a naɗe da tsumma, kina ta waiwaye. Kin sha faɗa cewa ko rakiya ban fito na yi miki ba. Gaskiya ne. Ina tsaye a bayan asabari ina kallonki ta tsakanin karare. Na san in na fito kika riƙe zanena ba zan iya ɓamɓare hannunki ba.

Kada ku ɗauka alkawarin da na yi ya tashe ni. Bayan tafiyar Rabi abin ya ninka. Kunyar abin da na yi ta hau kan nauyin da nake ɗauke da shi, har na fara gaya wa kaina cewa yaran nan za su fi samun sauƙi in babu ni. Wata rana da rana tsaka na kwantar da Audi, na ɗauki guga na tafi rijiyar bayan gari. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ina leƙen ruwan ba, guga a hannu ban zura ba. Ba zan ɓoye muku abin da nake tunani ba, kun isa ku gane.

Sai na ji an fizge gugar. Iya Kande ce, mai daddawa, wata tsohuwa da gidanta yake can bakin gari saboda wari. Kunnenta ɗaya ba ya ji, don haka kullum da ƙarfi take magana kamar mai faɗa. Ta dube ni, ta dubi rijiyar, ba ta tambaye ni komai ba. Ta sauke kwandon da ke kanta ta ɗora a nawa.

"Ke matar marigayi, wuyana ya gaji. Kai mini kwandon nan rafi."

Kunyar tsohuwa ta hana ni cewa a'a. Na bi ta a baya da kwandon kalwa mai ɗumi, ruwansa yana ɗigar mini a wuya. A rafi ta nuna mini yadda ake murza kalwar da aka dafa aka surfa, a cikin ruwa, ɓawon ya taso a zubar. Na yi kamar rabin sa'a hannuna ya mutu. Ta karɓa ta ce ya isa, ta rako ni har ƙofar ɗakina, ta tsaya sai da ta ga na ɗauki Audi. Daga baya na ji ta shiga wajen Hansai ta ce kada a ƙara bari in je rijiya ni kaɗai.

Washegari da hantsi sai ga ta, tana buga ƙofar da sandarta.

"Fito! Kalwa ba ta jira. Goya yaron mu tafi."

"Iya, ba ni da lafiya."

"Na sani. Ba lafiyarki na zo nema ba, hannunki nake so. Wanke fuskarki."

Haka ta yi mini kullum. Wata rana in bi ta ina jin haushinta kamar in kwaɗa mata muciya. Aikin daddawa ba ya barin mutum ya zauna. Yau a dafa kalwa wuni guda ana tura itace, gobe a surfa a wanke a sake dafawa, a zuba a kwando a rufe da ganye kwana uku har ta yi, sannan a kirɓa, a mulmula, a fyaɗa, a shanya a rana ana korar kaji. In ka yi sakaci da mataki ɗaya duka ta lalace. Ban damu da kaina ba a lokacin, amma na ji nauyin in ɓata wa tsohuwa kayanta. Kafin mu fara aiki sai ta dama fura ta tura mini gabana, ta ƙi taɓa komai sai na sha ko ludayi uku ne. In azahar ta yi sai ta shimfiɗa tabarma ta ja ni gefenta mu tayar tare. Da haka sallata ta dawo, ba da wa'azi ba.

Ba mu kaɗai ba ne a rafin. Akwai Uwani, wadda mijinta ya tafi haƙar kuza wajen Doguwa shekara huɗu ba saƙo ba labari, ya bar ta da 'ya'ya uku, ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba. Akwai Lami, da aka saka da goyo. Iya Kande ta tattaro mu ɗaya bayan ɗaya, kuma sai daga baya na gane ba yawan aiki ne ya sa ta neme mu ba. Wata rana muna wanke kalwa, ba tare da ta ɗago kai ba ta ce:

"Ni ma na yi irin zaman nan naki. 'Ya'ya uku na binne a damina ɗaya, ƙyanda. Shekara biyu ban san gishiri a bakina ba. Aka ce iska ce. Ba wata iska. Zuciya ce ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta ta durƙushe."

Na tsaya da murzar. Tunda abin ya same ni babu wanda ya taɓa faɗar yadda yake sai ita.

"Iya, me ya warkar da ke?"

"Wa ya ce miki na warke? Har yanzu yana zuwa. Na dai san takunsa. In na ji shi tafe sai in ɗora tukunya, in nemi mutane. Abin da yake so shi ne ya same ki ke kaɗai a ɗaki."

A nan ne na ba su labarin tukunyar kunu, yadda na gani ban tashi ba, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina faɗa kukan da ban yi ba tun ranar Juma'ar nan ya ɓalle. Na durƙusa a cikin ruwa ina kuka kamar wadda ake yanka. Lami ta matso za ta ba ni baki, Iya Kande ta daka mata tsawa.

"Kada wadda ta ce mata ta yi haƙuri! Ta ƙoshi da shi. Ku bar ta ta zubar."

Uwani ta kwance Audi daga bayana ta goya shi, suka ci gaba da aikinsu, suka bar ni har na gaji don kaina. Ranar na koma gida na ci tuwo na ji yajin miya.

Daga nan muka yi wata ƙa'ida tsakaninmu mu huɗu. Duk wadda hantsi ya yi ba a gan ta ba, ba za a aika tambaya ba, za a kwashi aikin a kai mata har gida. An kai wa Uwani sau biyu. Ni an kawo mini ya fi a ƙirga. Wanda na fi tunawa shi ne na farkon damina, da aka yi shuka na ji maza suna dawowa daga gona suna hira a zaure, na kasa kunne ina jiran muryar da ba za ta zo ba. Kwana biyu na koma kwance. Rana ta uku sai ga su da turmi da taɓare har tsakar sashena, suka kafa surfe a daidai ƙofata, Uwani tana kwaikwayon yadda Iya Kande take ciniki da kurman kunnenta, mai saye yana cewa a rage tana cewa amin. Na toshe kunne, na juya, na gaji, na fito don in kore su, sai na tsinci kaina ina dariya da taɓarya a hannu. A wannan daminar ne wata safiya Audi ya kama yatsana ya kai baki yana ɓangala mini dariya da haƙoransa biyu, na ji wani abu ya tsarga mini tun daga ƙirji har ciki. Na rungume shi na ce ashe kana nan. Watansa tara a duniya kafin uwarsa ta ji shi a ranta. Audi, ka yafe mini waɗannan watannin.

Na roƙi Baffanku ya yankar mini 'yar gayauna a bayan gida, na shuka gyaɗa da kuɓewa. Iya Kande ta fara ware mini kalwata daban, ina yin daddawata ina aikawa kasuwar Dangora. Da kaka ta zo aka gama shigar da hatsi, na shirya na je na durƙusa a gaban Baffanku, kaina da sabon kitso, na ce lokacin da na ɗiba ya cika. Ya dube ni, ya dubi sashena a share, ya ce:

"Wace magana kuma? Tashi ki je. Ki dai riƙa sa wa Hansai daddawar nan taki, miyarta ta fi daɗi da ita."

Sati bai zagayo ba na goya Audi na bi ayarin 'yan kasuwa zuwa Tudun Wada. Kwana biyu muka yi a ƙafa. Na ɗauki daddawa da gyaɗa da ɗan zanen saƙi da na saya wa Rabi, ina tafe ina shirya abin da zan ce mata. Da na yi sallama Mairo ta fito, na ga fuskarta ta canza, amma ta tare ni da murna ta shimfiɗa mini tabarma. Sai ga Rabi ta fito daga ɗaki. Ta yi ƙiba, ta yi tsawo, ƙafarta da lalle, wuyanta da dutsen ado. Na miƙa hannu. Ta ja da baya ta ɓuya a bayan Mairo, ta riƙe zanenta.

"Inna, wace ce?"

Mairo ta sunkuyar da kai ta ce, "Innarki ce ta gida. Je ki gaishe ta." Ta zo ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta koma.

Kwana uku na yi a gidan ina kallo. Na ga kowace safiya Mairo tana zaunar da ita tana shafa mata man kaɗe a tabon, tana lanƙwasa hannun a hankali don kada fatar ta ɗaure. Na ga yarinyar tana surutu irin na ubanta, tana ba Mairo labarin kaji da awaki. Na kuma lura da wani abu: in Mairo ce a bakin murhu sai ta je ta zauna kusa, in ni ce sai ta tsaya can nesa ta ɓoye hannun a bayanta. Ashe ba mantawa ta yi da ni ba. Rana ta biyu da yamma na shiga ɗakin Mairo na tarar ta ɗaure kayan yarinyar a ɗan ƙunshi, idonta jajur.

"Shekara aka ce, Yaya, ta kuma cika. Ba zan ci amana ba. Ki dai riƙa shafa mata man, kada ki fasa."

Na zauna a bakin gado. Ina son 'yata kamar in haɗiye ta. Amma na san har yanzu akwai ranakun da ake kawo mini turmi ƙofar ɗaki. Na san an riga an cire ta daga hannun uwa sau ɗaya tana kuka, ta samu ta kafu a wani wurin, yanzu kuma in sake cire ta don in huce takaicina. Na ce:

"Kwance kayan nan, Mairo."

Ta ɗago tana kallona.

"Kwance. Amma da sharaɗi. Kowace kaka zan zo, kada a hana ni ita. Kada a taɓa ce mata uwarta ba ta son ta. Ranar aurenta kuma ni zan wanke ta."

Mairo ta kifa kanta a cinyata tana kuka, ni ce ma nake ba ta baki.

Da safen da zan tafi na ce a bar ni in yi wa Rabi kitso. Da ƙyar ta yarda ta zauna tsakanin ƙafafuna, jikinta a sanƙare. Na tsefe, na shafa mai, na fara yarfawa a hankali, ina jan aikin don kada ya ƙare. Wajen rabin kai na ji ta saki jiki ta jingina da gwiwata. Da na gama na ɗaura mata sabon zanen, na goya Audi, na yi sallama. Har na kai zaure na ji takun ƙafa a bayana. Ta tsaya ta riƙe bakin ƙofa.

"Za ki dawo?"

"Zan dawo. In an yanke gero ki fara duba hanya."

Na fita ban waiwaya ba. Sai da na bar gari, gidaje suka ɓace, na ji shi tafe, nauyin nan, da takunsa da na riga na sani. Na ratse gindin wata tsamiya na zauna, ayari yana ta yin nisa. Na kwanto Audi na ba shi nono, na ce wa abin a zuciyata: na ba ka daga yanzu zuwa lokacin da yaron nan zai ƙoshi, ka yi duk abin da za ka yi. Na yi kukana. Da Audi ya saki nono na share fuska, na mayar da shi baya, na ɗaure majanyi tamau, na ɗaga ƙafa har na cim ma ayarin kafin su tsallake rafi.

Kaka goma sha ɗaya na yi ina bin wannan hanyar, da fari a ƙafa, daga baya a bayan motar gyaɗa, da lafiya da babu, ban taɓa fashi ba. A ta goma sha ɗayan na wanke Rabi da hannuna, na kama hannun nan mai tabo na sa mata lalle.